Wa'azin da Maƙwabci Yake Ji

A shekarar 1900 wasu Turawan mishan su biyar, Bishop Tugwell na gaba, suka shiga Kano da 'yan dako da kaya niƙi-niƙi, da niyyar su zauna su yi wa'azin bishara. Sarkin Kano Alu ya sa aka shigo da su fada, ya ji abin da ke tafe da su, ya ce su tattara nasu ya nasu su bar masa gari. Haka suka juya kudu suka yada zango a Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu.

Bayan shekara 91, a watan Oktoba na 1991, wani mai wa'azi Bajamushe, Reinhard Bonnke, ya shirya gagarumin taro a wannan birni. Aka cika gari da takardun talla, ana alkawarin warkarwa da al'ajibai. Musulmi da yawa suka fusata, wasu suna ƙorafin cewa an hana Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu izinin irin wannan taro, ga shi an ba wani. Zanga-zanga ta rikiɗe ta zama tarzoma. Aka kashe mutane, aka ƙona shaguna da wuraren ibada, taron kuma bai yiwu ba. Babu hujjar da za ta wanke wanda ya zubar da jini a ranakun nan. Alhakin yana wuyan waɗanda suka ɗauki makami. Amma da ƙura ta lafa, baƙo ya hau jirgi ya tafi, Kiristocin garin aka bari da gawawwaki da toka da maƙwabtan da aka daina gaisawa da su.

Tsakanin waɗannan biyun akwai wani labari da ba a cika bayarwa ba. A 1943 ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda yanzu yake hannun ekklesiyar ECWA. Fiye da shekara 80 ke nan ana kai masa tsoho mai yanar ido, jikansa na riƙe da bakin sandarsa, a yi masa aiki, a cire auduga ya ga fuskar yaron da ya jawo shi. Mafi yawan masu zuwa Musulmi ne, daga ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina har da Nijar. Kowa ya san asibitin na Kiristoci ne, kowa ya san ana addu'a a cikinsa. Sarakuna sun yi zamaninsu sun wuce, gwamnatoci sun hau sun sauka, an yi tarzoma an gama, yana nan ana bin layi a ƙofarsa.

A ƙasar Hausa, bisharar da ta yi saiwa ita ce wadda aka ɗauko a cikin hali da aiki, aka yi shekaru ana nuna wa maƙwabci ita kafin a buɗe baki. Wadda ta zo da hayaniya kuwa, ko ta koma yadda ta zo, ko ta bar baya da ƙura. Wannan shi ne ra'ayin mai wannan shafi, kuma yana ganin lokacin tunatarwa ya yi, domin yanzu lasifika ta yi arha, wayar hannu ta mai da kowa mai wa'azi, masu bi da yawa sun ɗauka ƙarfin murya shi ne ƙarfin bangaskiya.

Ɗaya daga cikin Turawan da aka kora daga Kano matashin likita ne, Walter Miller. Bai haƙura ba. Daga 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta, Hausa ta zauna a bakinsa. Ba waliyyi ba ne: mutum ne mai kaushin harshe, ya sha saɓawa da sarakuna da jami'an mulkin mallaka, har da 'yan'uwansa 'yan mishan. Amma ya zauna, zaman kuwa shi ne ya yi aikin. A 1913 wasu mutane suka zo nemansa, zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin nan na Kano da aka kashe a ƙarni na 19 saboda yadda ya ɗaukaka Annabi Isa a karatunsa. Ana kiransu Isawa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya faɗa musu ya kashe da yawa, waɗanda suka rage suka koma kusa da mishan. A 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwar Zariya, aka gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa, irin ginin magina Hausawa, tana nan har gobe.

Idan da yawan waɗanda aka yi wa baftisma ake auna aiki, Miller bai tara jama'a ba har ya rasu a 1952. Amma a duba waɗanda suka fito daga wannan ɗan ƙaramin wuri. Dakta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, sunansa ne a kan babban asibitin nan na Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. John Tafida, tare da Rupert East, ya rubuta Jiki Magayi, littafin da ɗaliban Hausa suke karantawa har yau. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, mahaifinsa Yohanna mai bishara ne. Waɗannan mutane sun yi aiki da Musulmi, sun ci abinci da su, an ba su amana a Arewa da aka san addinin mafi yawan mutanenta, ba su kuwa ɓoye nasu addinin ba.

A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, Miller na cikin manyan masu fassarar. Daga nan harshen ya zama harshen sujada ga Angas da Birom da Bajju da Tangale da Bura da sauran al'ummomin da kowace ke da nata yaren. Kuma daga nan aikin ya fita daga hannun Bature ya koma hannun mutanen da ba a rubuta sunayensu a littafi ba. A 1948 masu bi na yankin SIM suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda yau ake kira EMS, suna riƙe da ita da baikonsu, tun kafin a kafa ECWA ɗin kanta a 1954. Mai bishara na ƙauye mutum ne da zai ɗauki iyalinsa ya je garin da ba nasa ba, ya roƙi mai unguwa gona, ya yi noma kamar kowa, ya sha ruwan rijiyar da kowa ke sha. Da yamma ya tara yara da manya a gindin bishiya yana koya musu karatu. In yaro ya yi zazzaɓi da tsakar dare, ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa, shi ne mai keke. Shekara biyu, shekara uku, kafin wani ya zauna ya tambaye shi abin da ke cikin littafin nan da yake karantawa. A farkon shekarun 1960 kuma aka fara yunƙurin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya tsaya a kan cewa shaidar Almasihu ba aikin fasto kaɗai ba ne, aikin tela ne da manomi da mai sayar da ƙosai.

Wanda yake son ya ga wannan da idonsa, ya bi matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ekklesiya, ranar da aka yi rasuwa a unguwa. Kafin fasto ya iso, sun iso. Wata ta ɗauko itace, wata mudun masara, wata ta ƙulle daddawa da gishiri a gefen zane. Ba wanda ya aika musu da takarda. Su share tsakar gida, su ɗora tukunya, su shimfiɗa wa baƙi tabarma. Babbarsu ta zauna kusa da matar mamacin, ta riƙe mata hannu tana cewa, "Yi haƙuri, 'yata, Ubangiji bai manta da ke ba." Can da dare wata ta jawo tulu ta fara bugawa a hankali, wata ta kaɗa caki, su yi waƙa har gidan ya sami barci. Abin da ya fi muhimmanci kuwa sai bayan an watse: mako ya zagayo, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, sai ka ga biyu daga cikinsu sun dawo, ɗaya ta leƙa rumbu ko buhun hatsi ba tare da ta ce komai ba, ranar taronsu kuma a yi karo-karo. A unguwannin da ake zaune a cakuɗe, waɗannan matan ne suke zuwa barka gidan maƙwabciya Musulma, su ne ake aiko wa naman layya, su kuma su aika da shinkafar Kirsimeti. A garuruwa irin su Kaduna da Jos, inda rikici ya raba unguwanni kowa ya koma cikin nasa, wannan al'ada ta yi rauni ƙwarai, kuma asara ce ga addinan biyu.

Haka abin yake a kasuwa da ofis. Mai awo da ya buga gindin mudunsa ya shiga ciki don ya rage wa mai saye, ya riga ya yi wa'azi, kuma mai sayen ya ji. Makanikin da ya sa tsohon ƙarfe ya karɓi kuɗin sabo, malamin makarantar da ba a ganinsa sai ƙarshen wata, ma'aikacin da ba ya ɗaga fayil sai an ba shi na goro, nas ɗin da take daka wa mai naƙuda tsawa: in ranar Lahadi su ne a sahun gaba da Littafi a hammata, to duk unguwa ta san abin da take gani. Bahaushe ba ya raba mutum da halinsa. Kafin ya saurari abin da ka yi imani da shi, sai ya tambaya ko kana biyan bashi, ko kana gaida na gaba da kai, ko za a iya barin yaro a gidanka. Ita kanta wasiƙar Yaƙub da ke cikin Sabon Alkawari ta tsananta a kan mutumin da zai ga ɗan'uwansa cikin yunwa da tsiraici ya sallame shi da fatan alheri kawai.

A nan mai karatu Musulmi yana da tambaya, kuma tambaya ce mai nauyi: ashe duk wannan alheri ba tarko ba ne? Ba magani ake nuna wa mutum a hannun dama, ana ɓoye baftisma a na hagu ba? Tarihi ya ba shi dalilin tambayar. A ƙarshen shekarun 1930 hukumomin gargajiya na Kano da Katsina da Sakkwato suka miƙa wa SIM kula da asibitocin kutare na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. An yi jinyar mutanen da danginsu ma suke ƙyamar taɓa su, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa majinyacin da zai yi shekaru a wuri ɗaya, ko yaron da aka raba da iyayensa don kada ya kamu, ba shi da cikakken ikon ya ce ba ya son jin wa'azi. Ekklesiya ba za ta amfana da musun wannan ba. Taimakon da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne, kuma wanda ya shiga addini don buhun shinkafa, ranar da wani ya kawo buhu biyu zai fita.

Ma'aunin mai sauƙi ne. Mara lafiyan da ya ce, "Na gode, Likita, amma ina nan a kan addinina," ana duba shi gobe kamar yadda aka duba shi jiya? A Galmi, garin albasa da ke kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa a Nijar, akwai asibitin mishan tun 1950. A Danja kusa da Maraɗi akwai cibiyar kutare tun 1956, daga baya aka ƙara mata sashen mata masu yoyon fitsari. Kiristoci a Nijar tsiraru ne ƙwarai, kuma bayan fiye da shekara 70 mutanen yankin Galmi suna nan Musulminsu. Da ƙidayar kawuna ce manufar, da an rufe wurin tuntuni. Ana ci gaba da fiɗa da karɓar haihuwa ne saboda masu aikin sun gaskata cewa jinyar mara lafiya ibada ce a kan kanta, ko ya karɓi saƙonsu ko bai karɓa ba.

Sai batun dogara ga Allah, wanda shi ne ginshiƙin duk wannan zama, shi ne kuma aka fi ɓatawa a yau. Labari mafi kyau a kansa daga gonakin Maraɗi ya fito.

A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo aiki da SIM a Maraɗi. Ƙasa ta zama fili fetal, iska na kwashe ƙasar noma, mata na tafiya mai nisa neman itace. Ya yi ta rainon 'ya'yan itatuwa yana kai wa ƙauyuka ana dasawa. Rana ta ƙone wasu, awaki su cinye wasu, gara ta gama da sauran. Wata rana a 1983 yana tafe da mota cike da dashe, ya tsaya ya rage iskar taya don ya iya ratsa yashi. A yadda ya sha bayarwa, a nan ya dubi ƙasar gabas da yamma, gwiwarsa ta yi sanyi, ya roƙi Allah ya gafarta wa mutane ɓarnar da suka yi wa halittarsa, ya kuma buɗe masa ido ya ga abin yi. Sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin waɗanda ya saba wucewa yana ɗauka ciyawar banza ce. Da ya matsa ya dubi ganyen, sai ya gane bishiya ce da aka sare, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara tana tofo, kowace shekara manomi yana sassabe ta kafin shuka. Irinsu kuwa cike suke da gonaki: kalgo, sabara, geza, gawo.

Dabarar ba ta buƙatar kuɗi. Manomi ya tsuguna a gindin kututture da wuƙarsa, ya zaɓi reshe uku ko biyar mafi ƙarfi, ya yanke sauran, ya gyara na ƙasa, ya kare su daga dabbobi da masu sara. Tun da saiwar babba ce, girman ba ya jinkiri. Manoma suka sa mata suna sassabin zamani. Da farko dariya aka yi masa, domin manomin kirki a lokacin shi ne mai gona tas babu itace. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa, aka haɗa rabon abinci da barin itatuwa a gona. Da rabon ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga gero ya fi kyau a inda iska ba ta binne shuka, ga itacen girki, ga abincin dabbobi, ga abin sayarwa ranar kasuwa. Daga nan manomi ya riƙa koya wa manomi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin.

Addu'ar nan ba ta saukar da kuɗi daga sama ba. Ta nuna wa mutum aikin da ke gabansa, aikin kuma ya ci shekaru da gumin dubban manoma, kusan dukansu Musulmi, waɗanda su ne suka yi shi, su ne kuma suka ci moriyarsa. Hausawa sun riga sun faɗa: Allah ya ce tashi in taimake ka.

A kwatanta wannan da abin da ake sayarwa da sunan bangaskiya a wasu majami'un birane. Ana ce wa mai ƙaramin jari ta "shuka iri" a hannun mai wa'azi, wai Allah zai ninka mata sau ɗari kafin wata ya mutu. Ana sayar da mai da ruwa da hankici. Ana yi wa matashi alkawarin biza, budurwa alkawarin miji, ɗan kwangila alkawarin kwangila. Mafi muni, ana ce wa mai hawan jini ko mai ciwon sukari ya ajiye maganinsa don ya nuna ya gaskata. In abin bai yiwu ba, laifin na wanda aka cuta ne: bangaskiyarsa ce ta yi kaɗan. Wannan damfara ce, kuma ya kamata dattawan ekklesiya su kira ta da sunanta daga kan mumbari, ba a ɗakin taro kawai ba. Ta mai da Allah abokin ciniki, ta raba talaka da jarinsa, daga ƙarshe ta raba shi da Allahn ma, domin wanda aka koya wa cewa bangaskiya tana hana wahala ba shi da abin riƙewa ranar da wahalar ta zo.

Ranar kuwa tana zuwa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, EYN, wadda aka fara sujadarta a gindin tsamiya a Garkiɗa a 1923, ta san haka fiye da kowa. Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu na 2014 'ya'yanta ne. A watan Oktoba na shekarar mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos. An ƙone majami'unta da yawa, an kashe dubban mabiyanta. Koyarwar wannan ekklesiya tun asali ita ce ba a rama mugunta da makami, kuma a cikin wannan masifa shugabanninta ba su sauya ta ba. Wasu 'ya'yanta ma suka kafa matsuguni a Gurku, jihar Nasarawa, inda 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi suke zaune tare, tun da wutar ba ta tambayi addinin kowa ba kafin ta ci gidansa.

A watan Janairu na 2020 aka sace ɗaya daga cikin fastocinta, Lawan Andimi, a Michika. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, mutum ne a zaune cikin natsuwa. Ya nemi a taimaka a cece shi, kamar yadda kowane mai iyali zai yi. Amma ya ce bai karaya ba, domin komai yana hannun Allah. In an ba shi damar komawa ga matarsa da 'ya'yansa ya gode, in ba a ba shi ba, a yi haƙuri, a kula da yaran, kada a yi kuka. Bai zagi kowa ba. Bayan 'yan kwanaki aka kashe shi. Babu mai ko hankicin da zai koya wa mutum irin wannan magana a irin wannan wuri. Shekaru ne na addu'ar asuba da karatun aya da jinyar marasa lafiya da binne matattu suka tara ta.

Duk wannan ba kira ba ne ga Kirista ya kulle bakinsa. Addininsa ya umarce shi ya faɗi abin da ya gaskata, kamar yadda Musulmi yake da umarnin da'awa, kuma sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe addini da sauya shi da yaɗa shi. Ya kamata masu rinjaye a Arewa su ji wannan da kunnen basira, domin akwai kuka na gaskiya: majami'un da suke shan wuya kafin su sami fili ko takardar mallaka a wasu jihohi, Hausawa Kiristoci, da yawansu zuriyar Maguzawa, da ake yi wa kallon baƙi a ƙasar kakanninsu, da wanda ya sauya addini ya rasa gida da gado, wani lokaci har da tsaron ransa. Ba a gina zaman lafiya a kan shirun wanda ake dannewa.

Maganar ita ce yadda za a faɗa. Wanda ya ce wa abokin aikinsa, "Malam, ga abin da ya riƙe ni lokacin da ɗana ya rasu," ya ba da shaida. Wanda ya kunna kyamarar waya ya hau TikTok ko Facebook yana aibata Annabi da Alƙur'ani, ko yana yi wa Littafi Mai Tsarki da Almasihu ba'a in daga ɗaya ɓangaren yake, ba wa'azi yake yi ba. Mabiya yake tarawa, kuma talakan da ke zaune a unguwar da shi bai taɓa kwana ba shi ne zai biya. Fasto James Wuye na Kaduna ya san farashin. A rikicin 1992 yana jagorantar matasa Kiristoci masu faɗa, ya rasa hannunsa na dama. Imam Muhammad Ashafa yana ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 aka haɗa su, suka yi shekaru kafin zuciya ta sauko, suka kafa cibiyar sasanci da ta shiga tsakani a wurare irin su Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu, babu wanda ya ce duk ɗaya ne. Kowa yana faɗin nasa a gaban ɗan'uwansa, ana kuma saurarensa.

A ranar 23 ga Yuni, 2018, mahara suka afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta jihar Filato. Mutane suka gudo zuwa Nghar Yelwa, limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara sama da 80, ya buɗe musu gidansa da masallacinsa, ya ɓoye fiye da mutum 200, yawancinsu Kiristoci. Ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su, yana roƙon maharan har suka tafi. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019, kuma ya cancanci fiye da haka. Da 'yan jarida suka tambaye shi dalili, cikin abubuwan da ya ambata har da cewa shekaru da yawa da suka wuce Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin, kyauta. Waɗanda suka ba da filin nan manoma ne da ba su san za a wayi gari 'ya'yansu da jikokinsu su kwanta a cikinsa suna ɓuya ba. Maƙwabta suka nemi wurin salla, suka ba su.

Saura a ga ko majalisun ekklesiya za su sa kuɗinsu inda tarihinsu ya nuna. Kowace shekara dattawa suna zama su raba baiko da zakkar jama'a, kuma a birane kaso mai tsoka yana tafiya ga ƙarin gini da tayil da motar shugaba da manyan taruka. A lokaci guda akwai mai bishara a ƙauye da yake yin watanni bai ga ɗan abin da aka yanka masa ba, 'ya'yansa suna zaune a gida saboda kuɗin makaranta. Akwai ɗakunan shan magani na mishan da suka rage sai gini da allon suna. Akwai matan Zumunta da suke rera waƙoƙi da ka domin ba a koya musu karanta littafin waƙoƙin ba, alhali da karatun manya aka san ekklesiya a da. Duk mai ba da baiko yana da ikon ya tashi a taron shekara ya tambayi ma'aji nawa aka ware wa waɗannan ukun, ya kuma nemi a karanta adadin a gaban jama'a kafin a amince da kasafin.